Ɗan Asabe da Gishirin Tirela

Duk wanda ya saba shiga karar shanu ta Talata Mafara ya san Ɗan Asabe, ko bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Mahauci ne ɗan mahauci, kuma yana turke bijimai a bayan gidansa, ya yi ta ɗura musu dusa da harawa har su yi ƙiba kafin Babbar Salla. A gaskiya ya iya sana'arsa. Ba ya sata a awo, ba ya sayar da mushe, kuma hannunsa a buɗe yake. Aibinsa guda ne, amma babba: ba a faɗa masa magana ya ji. In ka ce masa rana ta yi zafi, zai ce kai ne jikinka ba ƙwari. In ka ba shi shawara a gaban mutane kuwa, ka tabbata akasinta zai yi, ko da zai sha wuya.

Abin da ya fi alfahari da shi shi ne harshensa. Masu kiwo sun san sai da gishiri da kanwa dabba ke buɗe ciki ta ci abinci, saboda haka kowa yana da yadda yake gane mai kyau. Ɗan Asabe lasa yake yi. Zai dangwala da ɗan yatsa, ya ɗora a kan harshe, ya lumshe ido, ya tofar, sannan ya faɗa maka daga inda aka haƙo ta. Sau da yawa yakan dace, shi ya sa kansa ya ƙara girma.

"Halshen ga nau bai taɓa yi mini ƙarya ba," in ji shi, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

A shekarar da wannan abu ya faru, bijimai biyar ne a garkensa, amma guda ɗaya ne ya cika masa zuciya. Jan sa ne mai dogayen ƙahoni da tozo har ya kwanta gefe. Tun yana maraƙi ya sayo shi a Dosara, uwarsa ta mutu, ya raine shi da madara a cikin kwalba. Ya sa masa suna Barde. Shekara huɗu yana hana kansa sayar da shi. Da safe kafin ya karya sai ya je ya sosa masa wuya, san kuwa in ya ji takunsa sai ya yi ta gurnani yana jan igiya. Matarsa Lailatu takan ce, cikin wasa, da Barde zai iya daka da ba a bukatarta a gidan.

Akwai wani abokin sana'arsa a Bakura mai suna Balarabe, wanda shekara uku a jere bijiminsa ne ke tara jama'a a kasuwar Talatar ƙarshe kafin Salla. Ba faɗa suke yi ba, amma ba a haɗuwa a rabu ba tare da an soki juna ba. To, a gaban Sarkin Fawa da dillalai, Ɗan Asabe ya buga ƙirji ya yi rantsuwa cewa bana shi zai shigo kara da abin da zai sa kowa ya bar cinikinsa ya zo kallo. Saura mako biyu ke nan, kuma garin duk ya ji.

Ranar wata Alhamis da hantsi, yana dawowa daga Garbadu da harawa a bayan tsohuwar a-kori-kurarsa, sai ya tarar da tirela ta kife a gefen babban titi. An riga an kwashe direban zuwa asibiti. Fararen buhuna sun watse a cikin kwari, wasu sun fashe, wani farin abu mai ƙyalli ya zube kamar gishirin miya. Jama'a sun taru, kowa yana ɗiba, wasu a kan babur, wasu a amalanke. Ɗan Asabe ya sauko, ya tsuguna, ya dangwala ya lasa. Ya ji gishiri-gishiri, sai wani ɗaci ya biyo baya har ya yamutsa fuska. Ya tofar, ya yi murmushi.

"Wanga shi a gishiri mai ƙarhi," ya faɗa wa waɗanda ke kusa. "Ɗacin ga da kuka ji, irin na gishirin manda na. Dabba in ta samu wanga, sai ta ci har igiya."

Da yake shi ne ya faɗa, mutane suka ƙara ƙaimi wajen ɗiba. Shi kansa ya ture harawa gefe ya loda buhu huɗu. A jikin kowane buhu akwai rubutun Turanci da hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a gicciye. Wani dattijo ya nuna masa hoton. Ɗan Asabe ya kwashe da dariya, ya ce shi da ya tashi cikin ƙashi da ƙoƙon kai ba zane ne zai tsorata shi ba. Da rana cikinsa ya ɗan murɗa, leɓensa ya yi wani iri, ya ce furar da ya sha a hanya ce.

Washegari bayan sallar Juma'a aka yi sanarwa a masallatai, mai shela kuma ya zaga gari da lasifika. Aka ce kayan da suka zube ba gishirin ci ba ne, sinadarin masana'anta ne, guba ne ga mutum da dabba, duk wanda ya ɗauka ya mayar ƙofar gidan Sarkin Fawa inda masu kayan suka ajiye mota. Mutane da yawa suka mayar. Ɗan Asabe ya saurara har ƙarshe, ya girgiza kai irin na wanda ya gano dabara. Shi ɗan kasuwa ne, kuma a kara ya koyi cewa duk wanda ya kushe maka kaya so yake ya karɓe su. Mai saye yakan ce sanka yana ɗingishi don ka sakar masa. Haka ya ɗauki wannan sanarwa.

"In ba su ce guba ta ba, wa za ya maida musu?" ya ce da Lailatu. Ya juye buhu ɗaya a cikin tsohuwar randa, ya ɓoye ukun a ƙarƙashin harawa. Sauran kanwarsa za ta kai shi Asabar, daga nan sai sabon gishiri.

Ranar Asabar da safe ƙanwarsa Farida ta zo daga Maradun. Ita ce autarsu, shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai ta makaranta har ta zama malamar ilimin sinadarai a wata makarantar 'yan mata. Yana sonta, amma har gobe kallon yarinyar da ya goya yake yi mata. Ita kuma jininsu ɗaya, taurin kan nan bai tsallake ta ba, sai dai nata yakan tsaya a kan abin da ta tabbatar.

Suka gaisa da Lailatu a tsakar gida, aka tambayi gajiya da maigida da yara da mutanen Maradun ɗaya bayan ɗaya. Farida na shirin zama sai idonta ya faɗa kan wani farin buhu da aka farke aka shimfiɗa a rana, an baza kuɓewa a kai. Ta ture kuɓewar da hannu ta karanta rubutun. Nan take fuskarta ta canza.

"Anti Lailatu, ina abin da ke cikin buhun ga?"

"Gishirin shanu na, Yayanki yas samo. Har na ɗebi kaɗan cikin gwangwani, in namu na miya ya ƙare."

Farida ta zabura. Ta shiga madafa ta ɗauko gwangwanin, ta tattara kuɓewar duka ta ƙulle a cikin buhun, ta sa Lailatu ta wanke hannu da sabulu. Sannan ta gyara hijabinta ta nufi garke.

A can ta tarar da yayanta ya jera daro biyar a gindin katanga yana kwaɓa dusa. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Balarabe ya zo daga Bakura, wai gaisuwa, amma kowa ya san Barde ya zo leƙawa. Yana zaune a kan turmi yana taunar goro. Farida ta durƙusa ta gaishe su, sannan ta miƙe.

"Yaya, don Allah dakata. Abin ga ba gishiri ba na. Sunanai bariyam kuloraid. Muna da shi ga ɗakin gwaji cikin 'yar kwalba, kuma kulle mukai da makulli, ɗaliba ba ta taɓa shi sai ina tsaye."

"Bari-wa?" in ji Ɗan Asabe, bai ko ɗago kai ba.

"Masana'antu ka aiki da shi. Da shi suka tace ruwan gishirin da aka yin sodar sabulu. Da shi aka gasa ƙarhe shi yi tauri. Ana sa shi wurin haɗa hwarin fenti, kuma shi ka ba wasan wuta launin kore. Duk wurin da aka aiki da shi, da safar hannu aka taɓa shi. In ya shiga ciki narkewa shikai, shi bi jini, shi kashe ƙarhin jiki, zucciya ta rikice. Cokali guda na iya kashe babban mutum."

"Na lasa shekaranjiya. Ga ni tsaye."

"Ka tohe, shi as sa. Allah na ya tsare."

Ta ga magana ba za ta yi ba, sai ta ce a ba ta minti biyar. Ta aika wa Lailatu ta miƙo kofunan gilashi biyu da ruwan leda. A ɗaya ta narka gishirin miya, a ɗayan ta narka na randar. Duka biyun suka zama garau, ba mai iya bambanta su. Ta ɗauki sirinjin da yake yi wa shanu allura, ta buɗe gaban a-kori-kura, ta zuƙo ruwan batir kaɗan. Ta ɗiga a kofin gishirin miya, ba abin da ya faru. Ta ɗiga a ɗayan. Nan da nan ruwan ya turnuƙe ya yi fari fat kamar an zuba nono, sannan farin ya fara kwantawa a gindin kofi.

"Ka gani, Yaya? Gishirin kirki bai yin haka. Da wanga gwajin aka gane shi ko'ina cikin duniya. Hwarin ga da yak kwanta bai narkewa, shi bai kisa. Amma wanda ac cikin randa, wallahi guba ta."

Ɗan Asabe ya kalli kofin. Ya tuna murɗawar cikin nan da leɓensa da ya yi nauyi. Da su biyu ne kawai a wurin, wataƙila da ya yi tsaki ya ce ta kwashe kayanta, labarin ya ƙare a nan. Amma sai Balarabe ya tofar da tuƙar goro ya yi 'yar dariya. Ba da mugun nufi ya yi ba, tsokanar da suka saba ce.

"Ashe, Ɗan Asabe, halshen ya yi ritaya? Yanzu Malama ka auna maka kanwa?"

Shi ke nan, an taɓa inda ba a taɓawa. Kunnuwan Ɗan Asabe suka yi zafi. Ya hango maganar tana yawo a kara ranar Talata, dillalai suna nuna shi da baki. Ya miƙe ya kai wa kofin hannu ya zubar.

"Siddabarun 'yan boko! Ruwan batir in an zuba ga komi ai sai shi canza. Shekara talatin ina ba dabba gishiri, tun ba ki san hannunki na dama ba. Ni nik kai ki makarantar da kika yi mini taƙama da ita. Yau ke za ki koya mini kiwo gaban baƙo?"

"Ba kiwo nika koya maka ba, Yaya. Kai ka san shanu, ni na san wanga. Na roƙe ka da girman Allah."

Ya dumbuza hannu a randa ya watsa a kowane daro. Da ya zo kan babban daron, na Barde, sai ya zuba har sau uku, domin a ganinsa abu mai kyau gwarzonsa ya kamata ya fi kowa samu. Ya kwaɓa, ya yayyafa garin ƙuli-ƙuli don ya ɓoye ɗacin, ya ɗauka ya kai gaban san. Barde ya sunsuna, ya ɗaga kai ya dube shi. Ya sosa masa wuya kamar kullum, san ya sa baki.

Farida ba ta tsaya kuka ba. Ta cire takalmi, ta kama daro na farko ta ja shi waje ta kife a ramin da ake zuba kashin shanu. Ta dawo ta kama na biyu.

"Ke! Aje shi!"

"Ba ni ajewa."

Ya ɗauki sanda. Amma ya rasa yadda zai yi, domin ya san in ya matsa daga gaban Barde wannan daron ma za ta ɗauke. Saboda haka ya tsaya a kansa, sanda a hannu, yana gadi, yana zazzaga mata faɗa. Lailatu, wadda shekara ashirin ba ta taɓa musa masa a gaban mutane ba, ta fito ta kama wa Farida daro na uku. Suka kife duka huɗun, suka tura ƙasa a kai. Kafin su gama, Barde ya lashe nasa tas.

"Hita mini daga gida," in ji Ɗan Asabe. "Kada ƙahwarki ta sake taka gidan ga in ina raye."

"Za ni hita, Yaya. Amma ina dawowa yanzu, ko ka buge ni."

Ta tari mai babur ta tafi neman Sanusi, likitan dabbobin da ke duba shanu a kara. Ba ta same shi ba, an ce ya tafi Birnin Tudu rigakafi. Ta kira wayarsa har sau bakwai kafin ta shiga. Ta bi kemis uku kafin ta samu gishirin Efsom, wanda ake sha don wanke ciki, domin shi ma yana kama gubar ya mayar da ita wannan farin da ba ya narkewa, in dai an ba da shi da wuri.

A garke kuwa, Ɗan Asabe ya zauna yana hira da ƙarfi, yana nuna wa Balarabe yadda Barde ke tuƙa hankali kwance. Awa guda ta wuce lafiya, har ya fara cewa ina Malama ta zo ta gani. Wajen azahar sai san ya daina tuƙa. Yawu ya fara dalala daga bakinsa. Ya yi ta kai ƙafa yana harbin cikinsa, zawo ya ɓarke masa, fatar jikinsa tana karkarwa kamar ƙuda na damunsa. Ɗan Asabe ya ce zafi ne, ya watsa masa ruwa. Ya ce ƙila maciji ne, ya duba ƙafafu huɗu bai ga komai ba. Sai ƙafafun baya suka saki. Wannan ƙaton sa da mutum huɗu ba sa iya kayar da shi ya zauna daɓas, ya yi ƙoƙarin tashi ya kasa, ya kife a gefe.

Daidai nan Farida ta shigo da Sanusi. Ba wanda ya tuna an kore ta. Suka narka gishirin Efsom a bokiti, Ɗan Asabe da kansa ya rungume kan san ya buɗe masa baki.

"Ɗura mai, likita! Ɗura mai duka!"

Sanusi ya gwada, ruwan ya dawo ta gefen baki. Maƙogwaron ya riga ya daina haɗiya. Ya sa abin sauraro a ƙirjin san, ya daɗe, sannan ya ce zuciyar tana bugawa ba tsari, gubar ta riga ta shiga jini. Da tun da hantsi ne, da akwai fata.

Maƙwabta mahauta sun cika garken. Wani ya ce, "A kai mai wuƙa kahin shi zama mushe." Haka al'adar take, kuma hannun Ɗan Asabe ya san aikin ko da zuciyarsa ba ta so. Aka juya san ya fuskanci alƙibla. Ya yi bisimilla. Dubban dabbobi ya yanka a rayuwarsa, amma ranar nan sai da ya share ido da hannun riga kafin ya ga inda zai sa wuƙar.

Mahauta suna da wani zumunci mai kyau. In asara irin wannan ta faɗa wa ɗayansu, sai kowa ya ɗauki kaso ya kai teburinsa ya sayar masa, don kada ya durƙushe. Balarabe, wanda jikinsa ya yi sanyi tun ɗazu, shi ya fara magana.

"Ɗan uwa, bakina yaj jawo wanga, ka yahe mini. A feɗe shi yanzu. Ni in ɗauki cinya biyu in kai Bakura, wani shi kai Maradun. An yanka shi da rai, halal na. A zubda kayan ciki kawai, wa za ya sani?"

Mutane suka ce haka ne. Har an fara wasa wuƙaƙe. Sai Farida ta ratsa tsakiyar maza ta tsaya a gaban gawar san, ƙafarta cikin jini.

"Ba mai taɓa naman ga."

"Malama, koma cikin gida, wagga maganar maza ta," in ji wani.

"Gubar ta bi jini, jini ya bi nama. Likita, kana iya rantsuwa babu komi cikinai?"

Sanusi ya ce ba zai iya ba, kuma shi ba zai sa hannu a kan wannan nama ba.

"To kun ji. Wallahi duk wanda yaɗ ɗauki tsoka guda, sai na bi shi har teburinai in tsaya in gaya ma duk mai saye abin da san ga yac ci. Ku ce mini marar kunya, na yarda."

Aka yi ta hayaniya. Wasu suka ce ai wuta tana kashe komai, wasu suka ce yarinya ce ba ta san asara ba. Duk suka juya suna jiran Ɗan Asabe ya daka mata tsawa kamar ɗazu. Yana tsugune, wuƙa a hannu, yana kallon daron da Barde ya lashe. Daro huɗun da aka kife, masu su ga su can tsaye suna tuƙa lafiya lau. Mai daron da ya tsaya a kai da sanda, shi ne wannan a kwance. Ya san ba shi da wanda zai ɗora wa laifi.

Ya miƙe a hankali. Taurin kan yana nan, bai je ko'ina ba, sai dai yau ya samu wurin da ya dace.

"Ku maida wuƙaƙenku," ya ce. "Na kashe sana da hannuna. Ba ni ƙarawa da ɗiyan mutane. Ko kunne ba a yanka."

"Ɗan Asabe, ka san abin da kaka zubdawa kuwa?"

"Na hi ka sani, Balarabe. Ni nib ba shi madara ga kwalba."

Suka yi ta lallashi, ya ƙi. Suka ce ko fatar a cire, ya ƙi. Ya ɗauki diga ya fita bayan gari, nesa da rijiya da rafi, inda Sanusi ya nuna. Da mahautan suka ga da gaske yake, suka bi shi da shebur. Kafin la'asar ta yi sanyi an haƙa rami mai zurfi, aka jawo Barde da a-kori-kura aka tura shi ciki, da ƙahoninsa da tozonsa da komai. Aka kwaso dusar da aka kife da kuɓewar Lailatu aka haɗa, aka binne, aka danne da duwatsu saboda karnuka.

Da suka dawo, Farida ta sa takalminta za ta tafi. Ɗan Asabe ya tsaya a bakin garke, ya kasa haɗa ido da ita.

"Auta," ya ce. Rabon da ya kira ta da wannan suna tun tana firamare. "Randar ga, yaya aka yi da ita?"

Iyakar ban-haƙurin da ya iya ke nan, ita kuma ta gane. Ta cire takalmin ta koma ta nuna masa yadda zai ɗaure leda a hannu kafin ya taɓa.

Ranar Talatar ƙarshe kafin Salla, kara ta cika maƙil. Bijimin Balarabe yana tsakiya, jama'a sun kewaye shi. Sai aka ji hon ɗin a-kori-kura tana kutsowa cikin taro. Ɗan Asabe ne. A bayan motar ba sa, sai buhu uku da randa a ɗaure cikin leda, da igiyar Barde a naɗe a kai. Ya hau bayan motar ya tsaya, ya buɗe muryar nan da kowa ya sani.

"Jama'a! Ni nic ce muku abin ga gishiri na. Ƙarya halshena yay yi. Ya kashe mini Barde cikin wuni guda. Duk wanda yaɓ ɓoye saura saboda maganata, shi hiddo shi yau, alhakinai na wuyana!"

Dillalai suka bar ciniki, masu saye suka juyo, har waɗanda ke kewaye da bijimin Balarabe suka watse suka zo. Wasu suka yi dariya, bai kula ba. Ya maimaita har sau uku. Kafin a tashi kasuwa, buhu tara suka fito daga gidaje da ƙauyuka, ciki har da rabin buhu da wata mai ƙosai ta ajiye tana jiran nata gishirin ya ƙare.

Ɗan Asabe ya cika rantsuwarsa, ya shigo kara da abin da ya sa kowa ya bar cinikinsa ya zo kallo. Da yamma ya koma gida, ya rataye igiyar a kan turken Barde. Har yau bai sake ɗaure wata dabba a wannan turke ba.

Darasin wannan labari a fili yake. Gwaninta a sana'a ɗaya ba ta sa mutum ya san komai, kuma ba duk farin abu mai kama da gishiri ne gishiri ba. Sinadaran masana'antu suna da amfani a wurin da aka yi su dominsa, amma a gida da garke ajali ne, saboda haka kada ka ɗauki abin da ba ka sani ba, kada ka lasa, kada ka raina alamar gargaɗi a jikin buhu ko kwalba. In wanda ya sani ya yi maka magana, ka saurara, ko ƙaninka ne, ko mace ce, ko a gaban abokin hamayyarka ne. Kunyar minti ɗaya Ɗan Asabe ya guje wa, ya biya da abin da ya fi so. In kuwa har ka riga ka yi kuskure, to ka tsayar da ɓarnar a kanka, kada ka raba ta ga bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba.